Kifin Baba a Gidan Kawu

Akwai akwatin gilashi na kifi a ɗakin jiran GP ɗinmu, likitan unguwa. Duk ranar da na ji ɓul-ɓul ɗin ruwansa, sai in tuna da kifin Baba.

Ina ƙarama muna unguwar Selly Oak a ƙasar Turawa, Baba yana bincike a jami'a kan wani kifi na ƙasashen zafi. Kifin ba ya nutso sosai, kullum yana saman ruwa. Kowane idonsa a rabe yake biyu, rabi a waje yana kallon iska, rabi a ciki. Jefi-jefi ya tsoma kai don kada idon ya bushe. A shekarun da gwamnati take rage komai aka rufe ɗakin bincikensu, tallafin karatu daga gida ma ya tsaya. Baba ya dawo da kifi ɗaya a cikin bokiti.

Muka koma Old Trafford a Manchester, gidan Kawu, yayan Mama, likita. Ya ba mu ɗakin sama, amma ya ce a ajiye kifin a falo. Na zaci ƙauna ce. Ashe don baƙi ne. In an gama cin tuwo sai ya ƙwanƙwasa gilashin da cokali, kifin ya firgita yana dukan bango.

"Ku zo ku ga PhD ɗin surukina," in ji shi. "Ga shi nan yana iyo."

Ana dariya, Baba yana murmushi yana tattara kwanuka.

Wata safiya ta hunturu, muna karyawa, Kawu ya sunkuya ya zare wayar hitar da ke ɗumama ruwan kifin.

"Yaya, sanyi zai kashe shi," in ji Baba a hankali.

"To ya saba mana, Malam. Kowa a nan sabawa ya yi."

Baba bai mayar da wayar ba. Ya zauna gaban gilashin har la'asar. Kifin ya daina tsoma kai, sannan ya kwanta a gefe. Kawu ya sa shi a leda ya miƙo mini, ya ce in kai shara. Baba bai sake ambaton karatu ba har ya rasu.

Yanzu Kawu ya tsufa, ya yi laushi, har alewa yake ɓoye wa 'ya'yana. Da sallar bana ya ba su labarin kakansu mai kiwon kifi, yana kwaikwayon zamansa gaban gilashi. Suka yi ta dariya da Turancinsu na Manchester. Ba su taɓa ganin Baba ba. Wannan ne labarinsa na farko da suka ji.