Takardar da Ja'afaru Ya Kawo Daga Kaduna

Ja'afaru Maliki Gayam shi ne cikakken sunansa. Na fara saninsa da daminar 1938, a ramukan haƙar zinariya da ke dajin Birnin Gwari, yana kwance a bukka shawara ta mai da idanunsa ruwan ɗorawa. Ya tashi daga wannan ciwo ya koma gonar mahaifinsa a Gayam, ya yi shekara goma sha bakwai yana noman gyaɗa ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya.

A bazarar 1955 maƙwabcinsa na gona, Audi, ya ce itacen ɗorawar da ke kan iyakarsu nasa ne. Dattawan da suka san iyakar duk sun rasu, saboda haka alƙali ya ba Ja'afaru rantsuwa. Ya yi alwala, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ya rantse cewa ɗorawar ta gidansu ce. Aka bar masa ita.

Kafin a cire gyaɗa sai wani nauyi ya zauna masa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Tuwo ya fita ransa. Wuyansa ya zama kamar na zakara, ƙafafu suka kumbura, ciki ya yi ta tasowa har taguwa ta daina rufe shi. Mutanen Gayam kuwa, tun kakanninsu, abu ɗaya suka sani game da cikin da ya kumbura bayan shari'a: rantsuwa ce ta kama mai shi. Ba wanda ya tambaye shi inda ke masa ciwo. Mata suka daina sayen daddawar matarsa Huraira. A masallaci sahu ya riƙa buɗewa daidai inda ya tsaya.

Wata Juma'a Audi ya tare shi a ƙofar masallaci, ya dubi cikin, ya ce, "Malam Ja'afaru, wata nawa ke nan? A sanar da mu ranar suna."

Aka yi dariya. Liman ya matso ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, mai da ɗorawar, ka tuba, cikin zai sace."

"Allah gafarta Malam, in na mayar, na ce na yi ƙarya ke nan. Ban yi ba."

Mutuwa ba ta dame shi kamar abin da za a riƙa kiran 'ya'yansa da shi ba. Don haka ya hau motar katako ya ratsa daji zuwa asibiti a Kaduna, ni kuma na raka shi. Likita Bature ya kwantar da shi, ya ja fatar idonsa ƙasa, ya danna gefen dama har ya taɓo wani abu mai tauri kamar dutse, mai ƙulle-ƙulle. Ya soka allura a cikin, aka zuƙo ruwa ya kusa cika ƙwarya. Ta bakin tafinta ya tambaya ko Ja'afaru yana shan giya. Ja'afaru ya yunƙura zai sauka daga gadon, sai da aka ba shi haƙuri. Ko ya taɓa yin shawara? Ya taɓa, shekara goma sha bakwai da suka wuce.

Tafinta ya ce, "Baba, ciwon daji ne ya kama hanta. Likita ya ce ba shi da maganinsa."

Ja'afaru bai ko ƙifta ido ba. "Tambaye shi, yaushe abin ya fara?"

"Ya ce hantar ta daɗe da lalacewa. Ba aikin bana ba ne, ba kuma na bara ba. Shekaru ne masu yawa."

"To, ɗana, rubuta mini haka da Hausa, ya sa hannu."

Ya dawo Gayam da takardar cikin hularsa, yana tafe kamar wanda aka ba sarauta. Sai dai da boko aka rubuta ta. Liman ajami kawai ya sani, ni ma a lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Mutum ɗaya ne mai boko a garin, Mu'azu malamin daji, shi kuwa ƙanwar Audi yake aure. Ja'afaru ya miƙa masa takardar a gaban jama'a. Mu'azu ya dube ta har ƙasa, leɓunansa suna motsi, sa'an nan ya naɗe ta ya ce, "Yau idona na ciwo." Mutum talatin suna tsaye, ba wanda ya ce masa ya ji tsoron Allah. Har yau ban yafe wannan shirun ba, da nawa a ciki.

Daga nan Ja'afaru bai sake fita ba. Da na je gaishe shi, Huraira ta ɗaga shi ta jingina da bango. Ya zaro takardar ya danƙa mini, ya ce, "Kai za ka karanta musu ita, da bakinka. Kada ka ba kowa."

Ina da shekara arba'in da huɗu na zauna a ajin Yaƙi da Jahilci. A 1958, bayan rasuwar Ja'afaru, na tsaya a ƙofar masallacin Gayam na karanta takardar daga farko har sa hannun likita, 'ya'yan Ja'afaru suna gefena. Audi ya ɗauki takalmansa ya tafi ban kai ƙarshe ba. Liman ya ce a yi wa mamaci addu'a, aka yi, ba wanda ya ce, "Na yi kuskure." Daga baya na ji likitoci a rediyo suna cewa gyaɗa mai funfuna ma tana kawo wannan ciwo, irin wadda muke tsincewa daga ta sayarwa mu bar wa gida a yi ƙuli-ƙuli.

Ganina na ƙarshe da Ja'afaru ranar Juma'a ne, 3 ga Fabrairu, 1956.