Turmina Ya Tsage

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, darni ne kawai tsakanin gidana da na maƙwabciyata, a ƙauyenmu na wajen Kunci. Ta girme ni, Yaya nake ce mata, amma girman bai taɓa hana mu cacar baki a kan kajinta ba. Mace ce mai jin kai, ko gishiri ba ta taɓa roƙa a wurina ba.

Mu dai da sauƙi, maigidana yana da sauran dawar bara a rumbu. Ita kuwa mijinta ya tafi cirani, shiru ba aike. Duk da haka kullum la'asar sai in ji daka daga gidanta, har tana cilla taɓarya tana tafi, hayaƙi kuma na tashi. Na ce a raina, lallai matar nan, ashe ɓoyon hatsi take yi.

Wata rana ina tsinkar rama na kasa kunne sosai. Turmin da ke da hatsi muryarsa a dushe take. Wannan kuwa ƙwal-ƙwal yake yi, itace a kan itace. Na leƙa ta ɓular da kajin nata suka yi a darni. Turmi wayam, tukunya ruwa zalla, yaranta na zaune suna kallonta. Haushi ya kama ni. Yara na kwana da yunwa a jikin darnina, ita tana yi mini tafi!

Na san in na aika da tuwo, kwanon zai dawo ko buɗe shi ba a yi ba. Amma a garinmu wadda ta ari turmi ba ta kwashe shi tas, takan bar ɗan abu a gindi, hakkin mai turmi. Sai na mirgina nawa bayan rumbu na rufe da zana, na ɗauki ƙwaryar dawa na yi sallama.

"Yaya, turmina ya tsage. A ba ni aron naki."

"Dama da wannan dakan naki na mahaukata, ina zai kai labari?" in ji ta.

Na yi surfe, na daka, na kwashe rabi na bar rabi.

"Ke, wannan wace irin kwasa ce?"

"Bayana ke ciwo, Yaya, ba na iya sunkuyawa."

Ta harare ni. Haka bayan nawa ya yi ta ciwo, kullum ina aron turmin, har wata kakar ta zo da albarka, sannan turmina ya fito daga bayan rumbu garau. Muka koma faɗan kajinmu.

Bayan wasu shekaru ciwo ya kwantar da maigidana damina guda, rumbu ya ƙare. Ban gaya wa kowa ba. Ni ma na ɗora ruwa, na ta da hayaƙi. Ina cikin haka sai ga Yaya da ƙwaryar gero a ka.

"Turmina ya tsage," ta ce.

"Haba Yaya, ɗazu na ji kina daka."

"Irin tsagewar naki ce, wadda ke warkewa a bayan rumbu. Matsa mini, kuma ki sani ni ma bayana ciwo yake yi."

Na buɗe baki in rama, sai hawaye ya riga ni.