Matan Bangon Bouza

Ko carar zakara ba mu jira ba, muka tashi daga Madaoua da asuba, ni da ƙawata, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, kowa zaune kan ƙullin tabarminta. Hanyar Bouza duwatsu ce zalla, ta girgiza mu har na ji hanjina ya koma wuya. Gonaki fayau, ko kara babu. Na ƙirga mushen shanu har na gaji na bari.

A tashar Bouza muka sha fura, ruwa ya fi gari yawa, kuɗinta kuwa ya ninka na bara. Nan na ga wani bango mai zane. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ne ya zana shi kafin a ɗauke shi daga garin: mata biyar da tuluna, za su rijiya. Wata tsohuwa mai ƙosai tana cike tsagar bangon da yumɓu, da ruwan butarta take kwaɓawa.

Bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Inna, mutane na ƙishi, ke kina shayar da bango?"

Ta nuna ta tsakiyar, mai wushirya. Ta ce, "Ɗiyata ce. Wurin haihuwa ta tafi. Ba ni da hotonta sai wannan."

Wallahi kunya ta kama ni. Ashe matan tashar duka ke kula da shi, su share gindinsa, su kori karen mota in ya zo fitsari.

Daga nan muka wuce Keita sayar da tabarmi, kwana uku muka yi can. Mata ke ɗaukar duwatsu a ka don a ba su hatsi, mazan duk sun tafi kudu. Wa zai sayi tabarma?

Da muka dawo Bouza, bangon fari fat. Wai babban baƙo zai wuce, aka ba da umarni a shafe kowane bango da farar ƙasa, kuma matan tashar aka sa aikin. Na sami tsohuwar a gaban kaskonta, ƙumbunanta duk fari.

Ta ce, "Sauran da tsintsiya aka shafe su. Tawa ban bar kowa ya taɓa ba. Da hannu na rufe ta, a hankali, fuskar ce ƙarshe."

Na isa gida da tabarmina kusan duka, ban ma damu ba. Abin da na koyo ɗaya ne: in na ga mace tana lallashin bango, in kama bakina, in tambaye ta wa ke ciki.