Abincin Kirsimetin Malam Isuhu

Ranar ashirin da biyar ga Disamba, shekarar da na cika goma sha ɗaya, Mama ta ɗora mini kula a hannu da misalin ƙarfe ɗaya na rana, ta ce in kai wa Malam Isuhu. Dawowarmu daga coci ke nan, ina sanye da sabuwar atamfa da ɗankwali, na ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kai, ga takalmin da yake matse mini yatsu. Ƙanƙarar da ta zuba kwana biyu kafin nan ta fara narkewa, ta koma caɓi a filin ajiye motoci. Kular tana da nauyi, ƙamshin miya yana fita ta gefen murfi. "Ki durƙusa ki gaishe shi, Rifkatu," in ji Mama. "Kada ki yi masa Turanci."

Shekararmu ta biyu ke nan a garin Greenbelt na Amurka, a wani gida mai ɗaki biyu a hawa na uku. A Kafanchan, inda aka haife ni, Kirsimeti ranar yawo da kwano ce. Tun da hantsi za ka ga yara cikin sababbin kaya suna shiga gida gida da shinkafa da miya, gidan Kirista da na Musulmi duka, a sa musu albarka, a ba su tukwici. Idan Sallah ta zo, kwanuka su juyo ta wajenmu. Mama ta baro abubuwa da yawa a gida, amma wannan ta taho da shi. Ta yi wata guda tana roƙon abokan aikinta a asibiti su yi musayar ranar aiki da ita. Ta je har shagon da Musulmi suke yanka ta sayo naman akuya, don kada Malam ya yi shakka. Ni na yanka cincin a kan tebur har yatsuna suka yi ciwo, Baba kuma yana tsaye a kan kujera yana yi wa ƙararrawar hayaƙi fifita da jarida don ta yi shiru.

Malam Isuhu mutumin Maraɗi ne, dattijo siriri, direban tasi, yana zaune shi kaɗai a ginin da ke kallon namu. Iyalinsa duk suna gida. Ya ji Mama tana yi mini faɗa da Hausa a bakin tashar jirgin ƙasa, ya tsaya ya yi sallama, daga nan aka saba. Ran da ruwan sama ya tare ni a hanyar makaranta, shi ya kai ni har ƙofa, bai karɓi ko sisi ba.

Abin da Mama ba ta sani ba shi ne halin da nake ciki a makaranta. Akwai wata yarinya a ajinmu, Emili, wadda ta taɓa toshe hanci da na rataye rigar sanyina kusa da tata, ta ce tana warin abinci. Tun daga ranar nake shanya rigar a baranda kafin in saka. Ana saura mako guda a yi hutu, malamarmu ta ba mu labarin yadda ƙasashe suke bikin Kirsimeti, da na sojojin Turai da suka ajiye bindiga ranar Kirsimeti a yaƙin duniya na farko. Da ta tambaye ni yadda ake yi a Najeriya, sai na ce kamar na nan ne, bishiya da kyaututtuka. Ko bishiyar ba mu da ita.

Ina tsakiyar filin motoci da kular sai na hango Emili da ƙawayenta biyu a bakin ginin su Malam. Kakarta a can take zaune, ban sani ba. Suna gwada sabon keke, suna dariya. Na dubi atamfata, na dubi abin da ke hannuna, na ji kamar duk unguwar tana jin ƙamshin daddawa. Ban tsaya tunani ba. Na ratse bayan babban akwatin shara na ƙarfe, na ajiye kular a ƙasa cikin caɓi, na cire ɗankwali na cusa a aljihu, na ja zif har wuya. Na wuce su na ɗaga hannu, ko kallona ba su yi ba. Na zagaya ginin sau biyu ina jira su tafi, da na dawo babu kula a wurin.

Na gaya wa Mama cewa Malam ya gode, zai dawo da kular da kansa. Ta yi murmushi ta zuba mini abinci. Baƙi suka cika gida, mutanen cocinmu daga Largo da Mitchellville, ana waƙoƙin zumunta, ana labarin gida. Ni kuwa na ture farantina gefe, ban taɓa naman ba.

Washegari da rana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Isuhu ne, da kular a hannu, an wanke ta tas, an cika ta da dabino. Na durƙusa na gaishe shi.

"Madam, an gode, Allah shi saka da alheri," ya ce wa Mama. "Rabona da miya irin wagga tun ina gida."

"Ai ba komai, Malam. Ta dai gaishe ka da kyau ko?"

Ya dube ni, bai daɗe ba. "Ɗiya ce mai hankali," in ji shi.

Mama ta ce in raka shi. Muka sauka matakala har ƙasa. Ya nuna mini tasinsa, ashe tana ajiye daf da akwatin sharar, yana ciki yana ɗumama inji lokacin da na zo. Ya ce, "Na ɗauka ne don kada wahalar uwarki ta kwana a bola. Kuma na ci, da zafinsa." Ya gyara hularsa ya tafi. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Sau uku na sake kai masa abincin Kirsimeti, kullum ya karɓa da hannu biyu, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban tayar ba. Ina sakandare ciwon ƙafa ya matsa masa, ya sayar da tasi ya koma Maraɗi.

Yanzu ina da gidana a Largo, da bishiya mai fitilu, 'ya'yana suna buɗe kyaututtuka da Turanci. A makarantarsu har rana ake warewa kowa ya kawo abincin ƙasarsu, 'yata tana alfahari da shinkafar da nake dafa mata. Maƙwabtana kuwa gaisuwar hannu ce tsakaninmu, ban san sunan rabinsu ba. Mama ta tsufa, har yau idan aka ambaci Malam Isuhu takan ce mutumin kirki ne, ni kuma in sunkuyar da kai. Har ya bar ƙasar nan ban ce masa ya yi haƙuri ba.