Haruffa Biyu da Aka Juya wa 'Yata

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in rubuta abin da za a yi mini dariya. Amma wannan abu ba zai fita daga raina ba har in mutu.

'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe a fannin fiziks, ta rubuta aikin kammala karatunta da hannu, kan ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Zazzaɓi ya kwantar da ita a gida Kwoi, saura kwana biyu a rufe karɓa. Ni na kai aikin Kafanchan, wurin wani saurayi mai buga takardu da kwamfuta.

Ni mace ce mai yawan damuwa, ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa. Da ya gama, na zauna a bencinsa ina bin layi-layi da yatsa, nata a hagu, nasa a dama. Ban gane komai ba, amma na ga inda ta rubuta AB sannan BA, shi ya mai da su duka AB. Wuri tara na ƙirga.

Na nuna masa. Bai ko ɗago kai ba, ya ce gyara mata ya yi, ai shi ma ya yi lissafi a sakandare. "Mama, biyu sau uku da uku sau biyu ba ɗaya ba ne? Ki bar wa masu boko bokonsu." Mutanen shagon suka yi dariya. Kunya ta rufe ni, na kwashi takardun na kai makaranta a haka.

Aka dawo mata da aikin, malaminta ya ce ko tushen abin ba ta fahimta ba. Shekara guda ta ƙara.

Ranar da ta ga takardun ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Littafin waƙoƙina na coci ta ɗauko ta kwantar a tebur. Ta tayar da shi tsaye, ta juya shi dama. Ta sake kwantar da shi, wannan karon ta fara juyawa dama kafin ta tayar. Littafin ya tsaya yana kallon wani gefe dabam. Ta ce haka waɗannan haruffa suke, aiki ne ake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da ta rubuta a kan bambancin nan yake. Mai buga takardun kuwa ya shafe shi.

Na ce to ai ko citta, sai an tsaga ake shanyawa, ba a shanya sannan a tsaga. Ta ce, "Mama, kin fi shi ganewa."

Har yau in na wuce shagon nan sai fushi ya taso mini. Amma rabin fushin da kaina nake yi. Idona ya gani, yatsana yana kan wurin, dariyar mutum huɗu ta sa na yi shiru. Na koyi cewa abin da na gani, na gani, ko wa ke dariya.

Yanzu tana koyarwa a Zonkwa. Ni kuma ina roƙon masu karatu: in akwai wanda ya san littafin da ya bayyana wannan ilimi da Hausa, ya sanar da ni. Ina so in karanta abin da na kasa karewa.