Duwatsun Lambun Kawu

Mun tashi daga Zuru da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu uku a a-kori-kura: ni, da kawuna tsohon soja, da direba. Kawu ya ce lambu yake son shiryawa a bayan gidansa, irin na mutanen Japan, kuma duwatsun da yake so sai a wani rafi gaba da Danko. Na ga hoton a wayarsa. Tsakuwa ce shimfiɗe an ja mata layi-layi, da manyan duwatsu jefi-jefi. Ba tumatir, ba albasa, ko gwanda ɗaya babu. Ni dai ban yarda ba. Yadda maganar haƙar zinare ta cika gari, na ɗauka wani labari Kawu ya jiyo yake ɓoye mana.

Damina ta ci hanyar sosai. Dawa ta yi tsawo ta rufe hagu da dama, direba kuwa da ya hango babura sai ya katse hira har su wuce. A Danko muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, ƙosan manya-manya, ga yaji kamar da gayya. Mai suyar ta leƙa bayan motar ta ga diga da shebur, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

A rafin, Kawu ya ɗauki lokaci yana zaɓe. Ya juya wannan, ya shafa wancan, wani ma tsugunawa ya yi ya daɗe yana kallonsa. Ni kuwa ina biye da shi, ina leƙen ko zan ga abu mai ƙyalli. Da ƙyar muka ɗora guda biyar.

Muna fitowa muka tarar an gindaya itace a hanya, 'yan sa-kai sun tsaya da bindigoginsu.

"Mi kunka ɗauko cikin rafinmu?" in ji babbansu.

"Duwatsu ne, na lambu," Kawu ya ce.

"Lambu da dutse? Wa ya aiko ku?" Sai ya juyo kaina. "Kai, ka rantse ba zinare kuke biɗa ba, kuma ba hanya kuke duba ma wasu ba."

Ina zan rantse a kan abin da ni kaina nake zargi? Kawu ya waiwayo ya dube ni.

Suka sauke dutse ɗaya suka fasa da guduma. Ciki dutse, waje dutse. Kawu ya miƙa musu wayar su ga hoton lambun, wani ya duba ya ce wannan ai maƙabarta ce.

"Ba maƙabarta ba ce," Kawu ya ce a hankali. "Tun da na dawo daga fagen daga, ko murfin tukunya ya faɗi sai na zabura. Wuri nake so in zauna inda babu abin da ke motsi."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Babban nasu ya sauke bakin bindigarsa, ya ce wansa ma haka ya dawo.

Ana janye itacen sai ga wata tsohuwa tafe tana haki. Ta doshi motar ta dafa dutsen da ya fi kowanne laushi, ta ce a kansa take wanki tun tana amarya. Ashe laifi mun yi, ba dai wanda ake zato ba. Kawu ya cire hula ya ce, "Inna, ki gafarce mu." Mu muka mayar mata da shi har bakin ruwa, 'yan sa-kai suna ta dariya.

Mun shigo Zuru da la'asar da duwatsu uku. Mutanen ƙauyen nan ban ga laifinsu ba: ba su san mu ba, kuma sun ga tashin hankali. Ni fa, da na girma a hannun mutumin nan? Abin da na koya ke nan, da na tambaye shi tun a gida, da ban tsaya bebe a gaban bindiga ba.

Da muka gama saukewa na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya kakkaɓe hannunsa. "Gobe bayan coci ka zo. Akwai tsakuwar da za mu tankaɗe."