Akwatin da Ka Ce In Hau

Aikin farko yau: mayar da kakin Mu'azu ofishin kamfani a unguwar Al Mirƙab, nan Doha.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Mu'azu Ɗalhatu ya rasu ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar da yake gadi. Ni Lado, abokin ɗakinsa a Mu'aither, ni na zuba ruwan wankansa.

Mu'azu, kai ka tarbe ni da na sauka Doha ban san gabas ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, kai ka tsaya mini a bakin aiki cikin zafin Agusta. Mahaifiyata ba ta bar hoto ba. Na kwatanta maka ita da baki, ka zana ta har na yi kuka. Na san kana aika wa wata jarida zanen barkwanci na siyasa da sunan aro. Ban taɓa neman gani ba.

Bayan sallar gawa liman ya ce a yafe maka. Na ce na yafe, da ƙarfi.

Jiya jaridar ta sake buga zanenka mafi shahara don tunawa da kai. Ka yi shi bara, da kotun ƙolin Amurka ta hana jami'o'i fifita wasu jinsi wajen ba da gurbin karatu, kana cewa mu ma a soke kason jihohin da ke baya a ilimi. Ga wani gaula tsaye kan akwati mai rubutun KASO, yana miƙa hannu ga takardar shiga jami'a, masu ƙoƙari suna ƙasa suna kallo.

'Yata Ummukulthum ta turo mini shi. Tana ajin farko a sashen haɗa magunguna, kuma ta kason jiharmu ta samu shiga. Ta rubuto: "Baba, wannan ba kai ba ne? 'Yan ajinmu sai dariya suke yi."

Ni ne. Ga tabon girata, ga tabarauna mai ɗaurin zare. Na tuna ranar. Ka ce, "Malam Lado, yalla, maza hau akwatin nan ka miƙa hannu kamar mai cire ƙwan lantarki." Na hau, ina dariya.

Wataƙila ra'ayinka daidai ne. Ni sakandare na tsaya, ba zan iya musu da alƙalai ba. Wataƙila fuskata ce kawai ta fi kusa da fensirinka. Amma kai ka yi mini rakiya na sayo dabino ranar da sunanta ya fito. Ka ci, ka sa albarka, alhali zanen yana yawo a gida.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, kada Ya kama ka da haƙƙina. Ina yi wa matarka Mero da yara ta'aziyya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Ba za su ji wannan daga bakina ba sai sun karanta, kuma ban tabbata zan aika musu da wannan rubutun ba.

Gobe, in Allah Ya kai mu:
- haɗa kayansa a aika wa Mero
- fitar da akwatin daga ɗaki
- amsa wa Ummukulthum
- yafe masa, har zuci wannan karon